Filin Mai Rewaya: "Na sayo rimot, zan iya ɗaura wa motata da kaina?"

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso mini a wannan wata kusan duk a kan abu guda suka tsaya, wato rimot ɗin buɗe ƙofar mota da rufe ta, irin wanda ake sayarwa a kwali mutum ya kai a ɗaura masa. Na zaɓi shida daga ciki. Ta farko za ta ci wuri da yawa, domin amsarta ce ginshiƙin sauran.

Tambaya: Oga, barka da aiki. Ina da Corolla ƙirar 2005, 'yar Kwatano. Idan na danna maɓallin da ke ƙofar direba, ƙofofin huɗu suna kullewa tare, amma makulli ɗaya tak aka ba ni, babu rimot. Na sayo kwalin rimot a Ƙofar Ruwa, da na buɗe sai na ga wayoyi sun fi goma, takardar ciki kuma zane ne kawai. Ina ɗan taɓa gyaran wutar gida. Zan iya ɗaurawa da kaina?
— Malamin makaranta, daga Kano

Amsa: Malam, za ka iya. Motarka tana cikin masu sauƙi, tunda injinan kullen suna nan a cikin ƙofofi suna aiki, abin da za ka ƙara kawai shi ne ɗan akwatin da zai riƙa danna maka maɓalli daga nesa. Amma kafin ka fere ko waya ɗaya, ajiye kwalin nan tukuna.

Motoci da yawa da ke shigo mana daga Amurka sun baro kamfani da na'urar karɓar saƙon rimot a jikinsu, rimot ɗin ne kawai ya ɓace tsakanin wurin gwanjo, jirgin ruwa da hannun dillalai. Corolla ta shekarun nan, musamman mai tambarin LE a baya, sau da yawa haka take. Ka kai ta wajen masu yanka makulli da ke da kwamfuta, cikin 'yan mintuna za su gaya maka ko tana da shi. Idan tana da shi, rimot irin nata za ka nema a koya mata, ba yankan waya, ba ƙarin akwati. Sai dai ka kula da zango. Motocin Amurka da na Japan a wajen megahaz 315 suke sauraro, na Turai kuwa 433. Rimot biyu za su yi kama kamar tagwaye, amma ɗaya ya yi ta magana motar ba ta ji. Na sha ganin mutum ya sayi na 433 ya kwana yana zargin motarsa da kurumta.

To, a ce an duba an ga babu. Ga yadda nake yi a gareji, kuma haka nake so ka yi.

Ka zaɓi ranar da ba ka da tafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tanadi mita ta awon wuta, irin mai nuna lamba a allo, da sukudireba, da filaya, da sifana mai lamba 10, da dalma da ƙarfen narka ta, da salatif mai kyau, da igiyar roba ta ɗaure waya. Ka sauke gilashin direba har ƙasa, makulli kuma ya zauna a aljihunka. Wannan ba ƙaramar magana ba ce: lokacin gwaji ƙofofi kan kulle kansu, ga shi makullinka ɗaya ne.

Ban ambaci tasta mai ƙwan fitila ba, da gangan na bar ta. Na san ita ce a aljihun kowane yaron gareji, amma tana jan wuta, kuma a motar zamani akwai wayoyin da ba sa son a ja musu komai. Mafi haɗari su ne na jakar iska, wadda ke fashewa ta tare direba lokacin hatsari. Soket ɗinsu rawaya ne, sau da yawa har rigar wayar rawaya ce, suna bi ta ƙarƙashin sitiyari da ƙarƙashin kujera. Duk abin da ka gani rawaya mai irin wannan soket, kada mita ta taɓa shi, balle tasta.

Yanzu aikin gaske, wato gano irin kullen motarka. Wannan shi ne rabin aikin, kuma a nan ne masu gaggawa suke ƙona kaya. Ka cire murfin robar da ke gefen ƙafar direba, inda tarin wayoyin ƙofa ke shigowa cikin mota. Ka sa mita a awon wutar batir, baƙar allurarta a jikin ƙarfen mota inda babu fenti, jar kuma ka riƙa taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ka samu yaro ya riƙa danna maɓallin kulle yana saki, kai kuma idonka a kan allo. Abu uku za ka iya gani.

Na farko, wayar da ke zaune da wuta, bolt 12 ko ƙasa da haka, da an danna maɓalli sai ta faɗi sifili, da an saki ta koma. Wannan kulle mai amsa negatif ke nan, shi ne ya fi yawa a Toyota da Honda da Nissan, kuma shi nake sa ran za ka tarar. Za ka samu waya biyu irin wannan, ɗaya ta kullewa, ɗaya ta buɗewa, sirara ne duka. Na biyu, wayar da ke zaune a sifili, da an danna ta hau 12. Wannan mai amsa fozitif ne, an fi ganinsa a wasu motocin Amurka. Na uku shi ne mai yaudara: wayoyi biyu masu kauri, su ma suna hawa 12 idan an danna, amma a zaune suna manne da bodi, wato ƙarfen jikin mota. Waɗannan kai tsaye suke zuwa injin kulle, ana juya musu wuta ne, wannan gefe ya kulle, wancan ya buɗe. Wanda ya ɗauke su a matsayin na biyu ya tura musu wuta, ya haɗa fozitif da bodi ke nan. In da fis, fis ya tafi. In babu, waya ta yi ja.

Idan ka gane naka, sai ka koma kan akwatin. Yawancin waɗanda ke kasuwa suna da rile biyu a ciki, wato ƙananan makunnan da wuta ke kunnawa, kowanne da ƙafa uku, shi ya sa za ka ga wayoyi shida jere: ruwan lemo, fara, rawaya, sai kuma irin waɗannan ukun masu baƙin layi. A mafi yawansu fara ita ce mai fita zuwa mota, rawaya ita ce abin da za a tura idan an danna rimot, ruwan lemo kuma abin da farar ke manne da shi idan ana zaune. Da ka riƙe wannan, zanen takardar zai fara yi maka magana. Ga mai amsa negatif, rawaya biyun su tafi bodi, fara biyun su hau wayar kullewa da ta buɗewa, ruwan lemo biyun a naɗe bakinsu a ajiye. Ga mai amsa fozitif, rawaya biyun su tafi wuta. Ga mai juya wuta kuwa sai an yanke wayar motar, ruwan lemo ta kama ɓangaren maɓalli, fara ta kama ɓangaren injin, rawaya ta tafi wuta. Amma launi ba alkawari ba ne, kamfani ya bambanta da kamfani. Ka gwada da mita, ka danna rimot ka ji wace waya ce ke haɗuwa da wace, sannan ka yarda.

Kafin ka fara haɗawa, ka kwance kan batir na negatif, ka jira. Toyota na cewa daƙiƙa 90, Honda na cewa minti 3, domin na'urar jakar iska tana riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir. Ni minti biyar nake ba ta, in sha ruwa in dawo. Masu tsofaffin Honda kuma su tabbatar suna da lambar sirrin rediyonsu, don takan nemi lambar idan wuta ta dawo.

Jar waya ita ce abincin akwatin, tana son wutar da ba ta ɗaukewa ko an zare makulli. A nan zan ɗaga murya. Fis ɗinta ya zauna kusa da inda ka ɗebo wutar, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Fis ba akwatin yake karewa ba, wayar yake karewa, kuma duk tsawon da ke tsakanin tushen wuta da fis tsirara yake. Shekarun baya an jawo mini wata mota da igiya, dashbod ɗinta ya narke ya zubo kamar kitse. Mai ita ya ce yana tsaye a layin mai ya ji ƙauri, kafin ya fito da yaransa biyu hayaƙi ya cika ciki. Da na bi sawu, sai na tarar wanda ya ɗaura masa rimot ya ɗebo wuta daga babbar wayar makulli, ya murɗa da hannu, ya naɗe da salatif, gidan fis ɗin kuma ya yanke shi ya jefar saboda wayar ta yi masa tsawo. Wayar ta bi ta gefen wani ƙarfe mai kaifi, girgizar hanya ta yi ta goga ta har ta fere. Allah Ya tsare rayuka, amma har yau idan na ɗauki jar waya sai na tuna ƙaurin nan. Ka sa fis mai lambar da takardar ta faɗa, galibi 10 ne, ja, ko 15, shuɗi. Idan ya ƙone, yana gaya maka akwai matsala ne. Kada ka sa wanda ya fi shi girma, kada kuma ka cusa silin waya a gurbinsa.

Baƙar waya ta tafi bodi, a ƙarƙashin noti, a kankare fenti har ƙarfe ya yi haske. Kowane haɗi a narka masa dalma sannan a rufe. Murɗi da salatif kaɗai ba ya jure zafin Kano, gam ɗin yakan narke a watan Afrilu, salatif ya zame, waya ta fito. Wayoyin sigina guda biyu, galibi ruwan ƙasa, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, kada ka haɗe su wuri guda, in ba haka ba kana ba da hannun dama hagu ma na ƙiftawa. Siririyar wayar eriya kuma kada ka yanke ta, kada ka naɗe ta, tsawonta a auna yake da zangon rimot ɗin. Ka miƙar da ita sama, nesa da ƙarfe. Akwatin kansa a ɗaure shi sama a bayan dashbod, nesa da fedar burki da sandar sitiyari, inda ruwa ba ya kaiwa ranar wanki.

Abu ɗaya game da Toyota. A wasunsu, idan ka ɗauki wayar da ke zuwa daga ramin makullin ƙofa, bugu ɗaya ƙofar direba kaɗai yake buɗewa, sai an buga sau biyu sauran su bi. Idan ka ga haka ba ka yi kuskure ba, ka duba akwatinka, da yawa suna da saitin bugu biyu. Ka gwada komai sau goma kafin ka mayar da murfi ko ɗaya. Allah Ya ba da sa'a, Malam, ka rubuto mini yadda ta kaya.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Motar da mahaifina ya bar mini tsohuwar Civic ce, kowace ƙofa da hannu ake danna ta. Na sayi rimot, aboki ya ce ba zai yi ba. Gaskiya ne?
— Ɗalibi, daga Zariya

Amsa: Ɗana, abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Rimot umarni kawai yake bayarwa, motarka kuwa ba ta da hannun da zai aiwatar. Sai ka ƙara mata injinan kulle, ɗaya a kowace ƙofa. Ana sayar da su huɗu a kwali, kamanninsu kamar 'yar bindigar wasan yara, da sandunan ƙarfe da maƙalai. Ka ƙirga wayoyinsu: mai waya biyar shi ne shugaba, na ƙofar direba, shi ne idan ka murɗa makulli yake sanar da akwati ya ja sauran. Masu waya biyu mabiya ne.

Wannan aiki ya fi na Malam na sama wahala, kuma wahalar ba a wuta take ba, a cikin ƙofa take. Idan ka cire murfin ƙofa za ka ga leda manne da baƙin gam. Ka ɗaga ta a hankali, ka mayar da ita idan ka gama. Yara da yawa suna yage ta su zubar, damina na zuwa ruwa ya jiƙa murfin ya kumbura. Ka nemo sandar da ke motsi idan ka ɗaga ɗan maɓallin kulle. Injin dole ya kwanta a layi ɗaya da ita, ya tura inda take tafiya, ya ja inda take dawowa. Idan ya karkace, zai yi aiki sati biyu yana gurnani, sannan haƙoran robar da ke cikinsa su cinye. Kafin ka ɗaure maƙalin, ka sa sandar a tsakiyar tafiyarta, injin ma a tsakiyar tasa, don kada ɗaya ya ƙare hanya ɗaya bai iso ba.

Kafin ka huda ƙarfe, ka riƙe injin a wurin da hannu, wani ya sauke gilashi har ƙasa ya ɗaga. Na ga gilashin da ya fashe a ranar farko saboda an manta da wannan.

Wayoyin kuma su bi ta cikin robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Idan ƙofofin baya ba su da ita, ka huda, ka sa zoben roba a ramin, ka bar wa wayar ɗan sako-sako. Ƙofa tana buɗuwa sau dubbai a shekara, wayar da aka ja ta miƙe ko aka matse a bakin ƙofa ba ta kai wata shida. Tun da tsohuwar mota ce, ka wanke makamar kullen da ƙurar hunturu ta daskare a ciki, ka sa mata maiko. Idan yatsanka yana shan wuya wajen ɗaga maɓallin, injin ma zai sha. Ka ware yini guda cur, ka fara da ƙofar baya, don hannunka ya saba kafin ka iso ta direba. Allah Ya jiƙan mahaifinka.

Tambaya: Ina da Marsandi V-boot, na riƙe ta shekara da shekaru. Yaro ya ɗaura mini rimot, in na danna sai ƙofofin su ɗan motsa su tsaya. Ya ce akwatin ne jabu.
— Dattijo, daga Maraɗi

Amsa: Ranku ya daɗe, akwatinku lafiyarsa lau. Motarku ba da injin wuta take kulle ƙofa ba, da iska take yi. Akwai famfo a ƙarƙashin kujerar baya, da siraran bututu da ke zuwa kowace ƙofa, yana hurawa su buɗe, yana zuƙa su kulle. Marsandi 190 haka take, Golf 3 ma da iska take aiki. Famfon yana bukatar lokaci kafin ya cika aikinsa, akwatin rimot kuwa daga kamfani an saita shi ya ba da wuta ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ku sa yaron ya buɗe akwatin ko ya duba gefensa, zai ga ɗan maƙalin saiti da ake matsarwa zuwa wajen daƙiƙa 3 da rabi. Zanen haɗin mai iska ma daban yake a takardar, ya bi shi. Idan an yi haka famfon ya yi ta kuka bai tsaya da wuri ba, to bututu ne ya tsage, galibi a maƙogwaron ƙofar direba, ku kasa kunne za ku ji hucin.

Tambaya: Malam, tun da aka sa wa motata rimot mai jiniya, idan ta kwana uku ban tayar ba sai an tura. An canza batir, bai hana ba. Mijina ya ce a cire abin gaba ɗaya. Ni kuma ina jin daɗinsa saboda yara da kaya.
— Ma'aikaciyar jinya, daga Gombe

Amsa: Hajiya, kada a cire tukuna, kuma kada a sake sayen batir. A auna. Mota ko tana kashe tana ɗan shan wuta saboda agogo da ƙwaƙwalwar rediyo da ta inji, amma a yawancin motoci bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba. Akwatin rimot mai lafiya ɗan kaɗan yake ƙarawa a kai.

Ga abin da za ki sa mai rewaya ya yi a gabanki. A kashe mota, a zare makulli, a rufe ƙofofi. A kwance kan batir na negatif, a sa mita tsakanin kan batir da wayar, a ma'aunin amfiya 10. A jira motar ta yi barci, wasu minti kaɗan, na zamani har rabin awa. Kada kowa ya yi gigin tayar da inji mita na tsakani. Sai a karanta. Idan an ga kamar miliamfiya 300, lissafin a fili yake: a yini ɗaya an sha sama da amfiya-awa 7, batir mai 60 kuwa kafin kwana biyar ya zubar da fiye da rabinsa. Daga nan a zare fis ɗin akwatin rimot. Lamba ta faɗi, an kama ɓarawo. Ba ta faɗi ba, rimot ba shi da laifi, a bi sauran fis ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na fi tararwa a irin wannan shi ne rile da aka ƙara don yanke wutar tayar da inji, aka haɗa shi yadda zai kasance a kunne dare da rana. Ki taɓa shi da safe kafin a tayar da mota, idan da ɗumi, shi ne. Gyaransa canza waya ɗaya ne. Wani lokaci kuma fitilar but ce ba ta mutuwa tun ranar da aka ja waya ta wurin.

Tun da kin ambaci yara, ina roƙonki abu ɗaya. Akwatuna da yawa masu jiniya suna da saitin kulle kansu bayan ɗan lokaci. Ki sa a gwada naki, gilashi a sauke, a ga ko yana yi, in yana yi a kashe shi. Uwa takan ajiye jaka da makulli a kujera, ta ɗaure yaro, ta rufe ƙofa don ta zagaya, sai ta ji ƙaras. A zafin ranar Gombe, cikin mota rufaffiya, mintuna kaɗan sun isa su galabaitar da ƙaramin yaro. Makulli ya zauna a hannunki duk lokacin da yaro ke ciki.

Tambaya: Oga, ni so nake in mayar da 406 ɗina ta zamani gaba ɗaya, in tayar da maɓalli, in kuma tayar daga cikin ɗaki da rimot. Na ga kayan a kasuwa. Kuma zai hana sata?
— Ɗan kasuwa, daga Kaduna

Amsa: Alhaji, wannan kam ban yarda ka yi da kanka ba, kuma ko a gareji aka kawo mini sai na zaunar da mai motar mun yi magana.

Dalili na farko motar kanta. 406 da aka ƙera daga baya suna da akwatin da ake kira BSI, shi ke riƙe da kulle, fitilu, goge gilashi da tantance makulli. Saƙonni ne ke yawo a wayoyinsa, ba wuta zalla ba. Ka tura masa bolt 12 inda bai dace ba, garin neman gira ka rasa ido, motar da ke tashi lafiya ta koma sai an ja.

Na biyu, a cikin kan makullinka akwai ɗan ƙwayar da inji ke tantancewa kafin ya yarda ya tashi. Don maɓalli ya yi aiki, masu ɗaurawa sukan ɓoye makulli ko ƙwayarsa a bayan dashbod dindindin, sannan su kashe makullin sitiyari. Ka ga kariya biyu da kamfani ya sa maka an cire su da kuɗinka. Idan kuma ba a kashe makullin sitiyarin da kyau ba, yana iya cijewa ana cikin tafiya.

Na uku, giyar hannu. Mu nan mun saba barin mota a giya ta ɗaya idan mun faka, saboda burkin hannu ya gaji. Ranar da ka danna rimot daga ɗaki tana cikin giya, za ta yi tsalle ta tafi, ko wa ke gabanta. Idan kuma a rufaffen gareji take, hayaƙinta irin na janareta ne, wanda muka san yadda yake kashe mutane cikin barci.

Batun sata kuwa, rimot jin daɗi ne, ba mai gadi ba ne. Masu araha lamba ɗaya suke aikawa kullum, wanda ya naɗe ta da na'ura zai iya maimaitawa. Masu kyau suna canza lamba a kowane danni, su za ka nema ko da sun fi tsada. Akwai kuma masu toshe saƙo a wuraren ajiye motoci, ka danna ka wuce, ƙofa ba ta kullu ba. Maganinsu kyauta ne: ka ji ƙarar kulle da kunnenka, ka ja hannun ƙofa kafin ka juya baya. In kana son ƙarin tsaro, sandar sitiyari da ɓoyayyen makunnin famfon mai sun fi maɓallin nan amfani nesa ba kusa ba.

Tambaya: Da daga bakin ƙofar gida nake buɗe mota, yanzu sai na manna rimot da gilashi.
— Mai karatu, daga Kumasi

Amsa: Ɗan'uwa, batirin rimot ne ya yi sanyi. Ka buɗe shi da bakin tsabar kuɗi, ka karanta lambar da ke jikin batirin. Mai faɗi kamar kwabo galibi CR2032 ne ko CR2016, dogon siriri kuma 27A ko 23A. Ka sayi mai lamba iri ɗaya, ka lura da gefen da ke kallon sama kafin ka zare tsohon, ka goge mazauninsa da auduga busasshiya. Idan ka sa sabo bai canza ba, ka leƙa bayan dashbod, wataƙila eriyar akwatin ta zame ta kwanta a kan ƙarfe. Ka ɗaga ta ka ɗaure a jikin roba.